Amsa: me ya sa gilashin ƙarfe ke tsagewa a gefen waldar leza?

Ƙanena mai karatun injiniya a nan Bauchi, ka tambaya me ya sa gilashin ƙarfe ke tsagewa a gefen ɗinki idan an yi masa walda da leza, alhali tsakiyar lafiya lau. Wannan matsala ta hana ni barci lokacin da nake digiri na biyu.

A ƙarfen da muka saba, atam suna jere sahu-sahu kamar masallata, shi ake kira kiristal. Gilashin ƙarfe kuwa an sanyaya shi da gaggawa ne, atam ɗin suka daskare a cakuɗe kamar jama'a a kasuwar Muda Lawal. Ƙarfinsa daga wannan cakuɗewar yake. Pol Duwez da ɗalibansa ne suka fara yin sa a Caltech ta Amurka a 1960, da zinariya da silikon, sanyin na sauka kusan digiri miliyan ɗaya a daƙiƙa. Vitreloy 1, wani gilashin ƙarfe mai sinadarin zirkoniyam, da ya zo bayan shekara talatin da ɗoriya, digiri ɗaya a daƙiƙa ya ishe shi.

Inda leza ta narkar ba ya ba da wahala, don nan take yake hucewa. Gefen da ya ɗau zafi bai narke ba, nan ɓarnar take. A Vitreloy 1, yana wuce wajen digiri 350 atam sun samu sakewa, sai su fara yin sahu, wato kiristal, shi ke sa wurin saurin tsagewa. Kuma ka riƙe wannan da kyau: wajen hawan zafi ƙwayoyin kiristal kan riga su tsiro, sannan su iske zafin da ke girmar da su. Shi ya sa Vitreloy 1 ke buƙatar hawan wajen digiri 200 a daƙiƙa kafin ya tsira daga kiristal. Kowane zagayen leza da ka maimaita, ƙari yake kan na baya.

Na farkon da na yi, ɗinkin na sheƙi kamar madubi, ina lanƙwasa shi da yatsa ya ɓalle ƙas. A gwajin eksire, maimakon tudu ɗaya mai faɗi, alamar gilashi, sai ga tsinaye cirko-cirko, alamar kiristal. Laifina ne, na tafiyar da hasken a hankali don ya shiga sosai.

Na ƙara gudu, na shimfiɗa farantin jan ƙarfe a ƙasa ya janye zafi, ina barin sa ya huce tsakanin zagaye. Kada ka yi sakaci wajen rufe ɗinkin da iskar agon mai kare shi daga iskar waje, domin zirkoniyam na shan iskar oksijin, ita kuma tana saurin jawo kiristal. In za ka yanko na gwaji, yanko gefen ɗinkin.