Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan laulayin maiɗakinsa

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka, inda ka ce ba ku cika shekara da aure ba, maiɗakinka tana fama da kasala da tashin zuciya, ba ta son warin soyayyen mai, kuma lokacin al'adarta ya wuce ba ta gani ba. Ka ce abokanka na fada sun ce zazzaɓin sauro ne ka sayo mata magani, Hajiyarka kuma ta ce a yi shiru har ciki ya bayyana da kansa, shi ne kake son sanin ko ciki ne, da kuma abin da ya rataya a wuyanka. Na daɗe ina aikin jinya a likitocin karkarar Adar kafin in dawo cikin garin Tahoua, don haka zan amsa maka da abin da aka koya mana da abin da na gani da idona.

Abubuwan da ka lissafa duka suna cikin alamomin sabon ciki, kuma mafi ƙarfinsu shi ne ɓatan wata, musamman ga macen da al'adarta ke zuwa a kan lokaci. Sauran su ne nauyi da tsamin nono, yawan fitsari, yawan barci da rana, tara yawu a baki, ƙin abincin da a da take so, da kwaɗayin wanda ba ta saba da shi ba. Wata takan ga ɗan ɗigon jini kwana ɗaya ko biyu a daidai lokacin da take jiran al'ada, sai ta ɗauka al'adar ce ta zo kaɗan. Tashin zuciya yakan fara ne wajen mako na shida, ya lafa bayan wata na uku, kuma ba da safe kaɗai yake zuwa ba. Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke tabbatar da ciki, domin zazzaɓin sauro da ƙarancin jini da ciwon fitsari suna kawo kasala da amai, rashin lafiya da damuwa da allurar tazarar haihuwa kuma suna jinkirta al'ada. Akwai kuma matan da ke da ciki ba su ji komai ba sai ɓatan watan.

Abin da ke raba gardama shi ne gwajin fitsari, wanda ake samu a farmasi, kuma ana yinsa a CSI, wato ƙaramar likitar unguwa ko ta ƙauye. Ɗan siririn tsinke ne da ke gano sinadarin hCG, wanda jikin mace ke fitarwa bayan ciki ya zauna a mahaifa. Ta tari fitsarin farko na asuba a cikin tsaftataccen mazubi, ta tsoma bakin tsinken ba tare da fitsarin ya wuce layin da aka shata ba, ta shimfiɗa shi a busasshen wuri, ta jira mintunan da aka rubuta a jikin takardarsa. Layi biyu ciki ne, ko da na biyun ya fito dishi-dishi. Layi ɗaya yana nufin ba a gani ba, idan kuma al'ada ba ta zo ba a sake bayan mako ɗaya. Idan babu layi ko ɗaya, tsinken ne ya lalace, kuma zafin garin nan yana lalata su idan an ajiye su a rana, shi ya sa ba na son a saye su wurin masu talla a faranti. Ka zauna da ita ku tuna ranar farko ta al'adarta ta ƙarshe, ka rubuta ta a wayarka, domin daga ranar ake ƙirga mako 40 na ciki, kuma ita ce tambayar farko da sajifam, wato ungozomar likita, za ta yi mata.

Maganar Hajiya ba ta wofi ba ce, kuma kada ka yi mata gardama a gaban mutane. Iyayenmu suna ɓoye sabon ciki saboda kunyar cikin fari da tsoron bakin duniya, sun kuma san ɓari ya fi yawa a watanni ukun farko. Ka same ta a ɗakinta cikin ladabi ka ce mata za ku ɓoye wa maƙwabta da dangi yadda take so, amma ma'aikaciyar lafiya ba ta cikin waɗanda ake ɓoye wa, ka kuma roƙe ta ta raka surukarta idan tana da hali. A iya sanina, uwar miji da aka sa a gaba cikin lamarin takan zama ita ce mai tuna ranar awo.

Dalilin gaggawar shi ne, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko kuma cikin makonni 12 na farko. A wannan lokacin ne ƙwaƙwalwa da lakar jariri ke haɗuwa, a nan ne ƙwayar folik asid ta fi amfani, ita da ƙwayar ƙarin jini da za ta riƙa sha kullum. Za a auna hawan jininta, a duba yawan jinin da rukuninsa, a yi mata allurar rigakafin sarƙewar haƙora, a buɗe mata karne, wato littafin awon ciki. Ƙwayoyin Fansidar na rigakafin zazzaɓin sauro ba a fara su sai ciki ya shiga mako na 13, daga nan a riƙa ba ta wata-wata, aƙalla sau 3 kafin haihuwa, don haka a yanzu gidan sauro mai magani shi ne kariyarta, kuma ɗaura shi kowane dare aikinka ne. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta yafe kuɗin awon ciki da na tiyatar haihuwa a likitocinta, amma ka tafi da ɗan abin hannunka, saboda hoton ciki na eko da wasu gwaje-gwaje da maganin da ya ƙare a wurin sukan faɗo kan maigida.

Shawarar abokanka ita ce na fi jin tsoro. Kada ka ba ta kowane irin magani da ka ka, ko na zazzaɓi, ko kafso, ko diklofenak da ibuprofen, ko jiƙe-jiƙen wankin mara da ake cewa suna sauko da jinin da ya maƙale. Idan jikinta ya yi zafi, a kai ta a ranar a ɗiga jinin yatsa, domin zazzaɓin sauro ga mai ciki yana cinye jini, yana zubar da ciki, kuma ma'aikacin da ya san tana da ciki shi ne zai zaɓi maganin da ya dace da watanninta. Game da laulayi kuwa, ta riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ta ɗan taɓa busasshen abu kafin ta tashi daga shimfiɗa, a ɗauke mata suya da dakan turmi da ɗaukar ruwa. Wake, zogale, ƙwai, nama da kifin Tabalak suna gina jini, shayi kuma idan aka sha shi a kan abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, sai a ba shi tazara. Idan ka ga tana cin farar ƙasa, ka faɗa a wurin awo, domin sau da yawa alamar ƙarancin jini ce.

Akwai alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu. Wani dare aka kawo mana wata yarinya a amalanke, watanta biyu da ɓata, kwanaki tana kukan ciwo a gefe ɗaya na mara tare da ɗigon baƙin jini, mijinta kuma yana ta saya mata maganin ciwo a kanti saboda a ganinsa laulayi ne. Da na ja fatar idonta na ga cikinsa fari fat, tafin hannunta ya yi sanyi, zufa na keto mata, tana cewa kafaɗarta ma ciwo take yi. Cikin ya zauna ne a bututun da ƙwai ke bi, ba a mahaifa ba, bututun ya fashe, jini yana tsiyaya a cikin cikinta. Muka ɗaura mata ruwa muka tura ta babbar likita, aka yi mata aiki, Allah ya sa tana da sauran kwana. Saboda haka ciwon mara mai tsanani musamman a gefe ɗaya, zubar jini, jiri ko suma, zazzaɓi, da aman da ko ruwa ba ya zama, duk na tafiya ne nan take. Idan ciki ya tsufa, sai a ƙara da ciwon kai mai tsanani, ganin hazo-hazo, kumburin fuska da hannuwa, da jijjiga. A nan Tahoua muna da cibiyar lafiyar uwa da yaro da babbar likitar jiha, a Yamai kuma akwai gidan haihuwa na Issaka Gazobi.

Yanzu sai naka jikin, wanda shi ne maza suka fi mantawa. Ranar da za ta je awo ka bi ta, kuma kada ka tsaya a inuwar bakin ƙofa riƙe da makullin babur. Ka shiga ka miƙa hannunka a ɗebi jininka. Sida da tunjere da ciwon hanta nau'in B suna zama a jikin namiji shekaru yana aikinsa ƙalau, ya sa wa matarsa, ita kuma ta sa wa jariri, alhali dukansu akwai abin da ake yi idan an gano da wuri. Tunjere ana warkar da shi da allurar penisilin, maganin sida da uwa ke sha yana kare jariri, ciwon hanta kuma ana yi wa jariri rigakafinsa cikin awa 24 da haihuwa. Ciwon sanyi ma haka yake: na sha ganin mace an ba ta magani ta warke, ta dawo da ciwon bayan wata guda, saboda maigidan ya ƙi shan nasa da hujjar ba ya jin komai. Mu mutanen Adar masu tafiya bida ne, Abijan, Legas, Libiya, wani ya shekara biyu bai ga gida ba. Ban zargi kowa da komai ba, domin aska da allura da ƙarin jinin da ba a tantance ba ma hanyoyi ne, amma duk wanda ya dawo ya kamata ya gwada jininsa kafin ya shiga ɗakin iyalinsa.

Ku san rukunin jininku ku biyu. Idan nata Rhesus negatif ne naka kuma pozitif, akwai allurar da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, don jikinta kada ya yaƙi jinin ƴaƴan da za su biyo baya. Haka kuma gwajin sikila: idan ku duka AS ne, wato kuna ɗauke da ƙwayar ciwon amma bai kama ku ba, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS, wato yaro mai ciwon sikila, kuma yaron da aka san matsayinsa tun yana jariri ya fi samun kulawa tun kafin ciwo ya fara kayar da shi.

Tunda ka riga ka zauna a gaban ma'aikaci, ka bari a auna hawan jininka da sukarinka. Na taɓa auna wani magidanci ɗan shekara arba'in da ƴan kai da ya rako matarsa yana ta raha, na sami tansiyonsa 18 bisa 11, ya rantse mini ko ciwon kai ba ya yi. Haka hawan jini yake, ba ya sallama, kuma daga 14 bisa 9 zuwa sama, idan ya maimaitu, yana buƙatar kulawa, tun kafin ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Shayin fada mai sukari kofi uku a jere, gishiri da dunƙulen ɗanɗano a kowace tukunya, taba da shisha, duk sai an sassauta, hayaƙin taba kuwa yana isa ga jaririn da ke ciki ya rage masa nauyi, don haka kada a sha ta a ɗaki ko a tsakar gida. Tiramadol da magungunan ƙarfin maza na bakin tasha ina roƙonka ka nisance su, domin ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki.

Idan gwaji ya nuna ba ciki, kada ranka ya ɓaci, kuma kada ka bari a fara yi mata gori. Likitoci ba sa kiran abu jinkirin haihuwa sai an shekara ana tare ba tare da tazara ba, idan kuma an kai nan, su biyu ake dubawa, domin a kusan rabin ma'auratan da ke wannan hali akwai matsala ta wajen namiji, gwajin maniyyi kuma ya fi yawancin gwaje-gwajen mata sauƙi. Haka nan samun ɗa namiji ko mace daga ƙwayar uba yake fitowa da ikon Allah, ba laifin uwa a ciki. Irin waɗannan batutuwa ne ake tattaunawa a makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram a 2008 da taimakon UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, kuma idan akwai irinta kusa da unguwarku, ka je ka zauna da su.

Idan kuma ciki ne, ka fara shiri tun yanzu: ka ware kuɗin da ba a taɓawa, ka riƙe lambar mai mota ko mai adaidaita da zai ɗaga waya da tsakar dare, ka kuma yi magana da ƴan'uwa biyu ko uku masu lafiya da suka yarda su ba da jini idan an buƙata. Idan za ka tafi bida kafin ta haihu, ka bar izini a fili gaban Hajiya da yayyenka cewa duk sa'ar da ta ga ɗaya daga cikin alamomin da na ambata, a kai ta likita ba sai an neme ka a waya ba.