Gidan da ba a cin nama, me ya rage na dokar kosha?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina zaune a Manchester, na samu aikin girki da kula da yara a gidan wasu Yahudawa a unguwar Prestwich. Ba sa cin nama ko kifi, sun ce saboda lafiya, amma gidansu na kosha ne, wato suna bin dokar abinci ta Yahudawa. Ni a sanina kosha maganar yanka ce, kamar halal a wurinmu. Tunda babu nama, me ya rage? Sannan yaransu ƙanana ne, anya ganye da wake za su riƙe su?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa albarka a aikin. Yanka ɓangare ɗaya ne kawai. Babbar dokar da ke juya madafar Bayahude ita ce raba nama da madara, domin sau 3 Attaura ta hana dafa ɗan akuya a cikin nonon uwarsa. Shi ya sa gidan da ake cin nama ke da tukwane kashi biyu, faranti kashi biyu, wasu har wurin wanke-wanke biyu, kuma da yawansu sai sun jira awa 6 bayan cin nama kafin su taɓa madara. Masu gidanki sun huta da wannan gaba ɗaya. Abin da ya rage musu ƙanana ne, amma su ne masu cin lokaci, kuma galibi a hannunki za su faɗo.

Na farko ƙwari. Cin ƙwaro, komai ƙanƙantarsa, haramun ne a wurinsu, ga shi kuma cimarsu ganye ce. Latas, kabeji, farin kabeji, burokoli da alayyafo ba ɗauraya ɗaya ake musu ba. Za ki ga uwargidan ta ware ganyen ɗaya-ɗaya, ta jiƙa a ruwa mai ɗan sabulun wanke ganye, ta ɗauraye a bakin famfo, sannan ta ɗaga kowane ganye saitin haske tana duba bayansa da lungunan jijiyarsa. Wake da shinkafa kuwa tsincewa ce irin wadda kika saba. Ƙwai ma ba a fasa shi kai tsaye cikin kwaɓi. A kofin gilashi ake fasawa, a leƙa ta sama da ta ƙasa, in da ɗigon jini a zubar, sannan a fasa na gaba.

Sai abin da ya shafe ki kai tsaye, wato wuta. Malamansu sun shar'anta cewa manyan abinci da ba a ci ɗanye, sai Bayahude ya sa hannu a dahuwarsu. Yahudawan da asalinsu gabashin Turai ne, wato Ashkenazi, ya wadatar musu ɗan gida ya kunna murhu ke kuma ki ci gaba. Sefardi, irin na Maroko da Iraƙi, sun fi tsanani, suna so shi ya ɗora tukunyar da kansa. Ki tambaya tun ranar farko, kuma in aka ce ki jira a kunna miki, kada ki ɗauka raini ne. Haka nan kada ki shigo da tukunyarki, ko dunƙulen ɗanɗanon miya daga gida, ko ki ɗumama shinkafarki mai kaza a na'urarsu ta ɗumama abinci. Kuskure ɗaya irin wannan na iya sa sai sun kira malaminsu ya faɗa musu yadda za a tsarkake kayan.

A kanti, rubutun "babu nama" a jikin kwali bai isa ba. Cuku misali, asalinsa da sinadarin tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da shi, kuma ko an yi da na tsiro sai an yi shi ƙarƙashin kulawarsu. Ruwan inabi da duk abin da aka sa masa shi ma haka. Alewa da yogot kan ƙunshi jelatin na ƙashi da fatar dabba, jan kalar E120 kuma daga jikin ƙwaro ake samunsa. Ki nemi tambarin hukumar da suka yarda da ita: KLBD ta London, MK ta nan Manchester, ko OU ta Amurka.

Maganar yara kuwa, za su riƙu sarai, tunda akwai ƙwai da madara. Ni abin da ya fi damuna a irin waɗannan gidaje shi ne, da an cire nama sai cuku da taliya da farin burodi su maye gurbinsa, a wayi gari ga kitse ga gishiri, alhali don lafiya aka fara. Ki sa wake, adas, awara da niƙaƙƙen riɗi su zama ginshiƙin tukunya, cuku ya zama ɗan yayyafi. Sinadarin ayon da ke cikin tsiro jiki ba ya zuƙarsa kamar na nama, don haka a haɗa shi da tumatir, tattasai ko lemon tsami, a nisanta shayi da lokacin cin abinci. Bitamin B12 daga ƙwai da madara yake zuwa. In wata rana suka ce za su bar su ma, to dole a sha na ƙwaya, wannan ba abin wasa ba ne. Hukumar lafiya ta NHS ta ba da shawarar maikurogiram 10 na bitamin D kullum ga yara 'yan shekara 1 zuwa 4 duk shekara, manya kuma a lokacin sanyi. A nan ma iyayen ne za su zaɓo, domin kwanson wasu ƙwayoyin jelatin ne.

Ranar Juma'a ki shirya gama girki da wuri, ba sa dahuwa daga faɗuwar ranar Juma'a har dare ya yi ranar Asabar. Akwai wani fate da suke kira colent, wanda ke kwana a kan ɗumi a ci da rana. Na marasa nama wake ne da sha'ir da dankali da albasa, kuma yana da daɗi in ya sha wuta.

Lokacin da zai gwada ki shi ne Idin Ƙetarewa, wajen Maris ko Afrilu, kwana 8 ga waɗanda ba a ƙasar Isra'ila suke zaune ba. Ana fitar da duk abin da aka yi da alkama, sha'ir da danginsu in ya kumbura, a sauko da wasu tukwane na daban. Ashkenazi kuma bisa al'ada suna ƙara barin shinkafa, masara, wake da adas, har waken suya, ke nan babu awara. Ga mai cin nama wannan ba komai ba ne, ga masu gidanki kuwa an ɗauke musu rabin abinci. Abin da ake jingina da shi a makon shi ne ƙwai, madara, dankali, almon da ganye, wasu gidajen kuma suna cin kinuwa, wata ƙwaya mai kama da gero, in tana da tambarin idin, wasu ba sa ci. Ki zauna da uwargidan tun saura wata guda ku tsara abincin kwanakin, musamman na yaran.