Hukuncin karanta ƙagaggen labari mai nuna zaluntar mata da sunan addini

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen Turanci na wata jami'a. An sa mana littafin The Handmaid's Tale a cikin waɗanda za a yi mana jarrabawa a kansu. Yayana ya ce haramun ne in karanta, wai ƙarya ce tsagwaronta kuma cin mutuncin addini ne. Na riga na fara, kuma wasu wuraren sun sa ni kuka. Shin ina da laifi? Ya halatta in kalli fim ɗinsa? Kuma ina da burin rubuta irinsa da Hausa.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya ƙara miki son tambaya kafin aiki.

Malamai sun ce hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa, don haka sai mu fara da littafin. Margaret Atwood, 'yar ƙasar Kanada, ita ta wallafa shi a 1985. Ta ƙago wata daula mai suna Giliyad, wadda wasu masu tsattsauran ra'ayi suka kafa bayan sun kifar da gwamnatin Amurka. Rana ɗaya mace ta je kanti ta miƙa katin kuɗinta aka ce ba ya aiki, domin an mayar da dukiyar kowace mace hannun mijinta ko wani namiji a danginta. Aka kore su daga aiki, aka hana su karatu, har allunan shaguna aka cire musu rubutu aka sa hotuna. Wasu daga cikin matan da ke iya haihuwa aka sa musu jajayen tufafi, aka ƙwace sunayensu, aka rarraba su gidajen manya su haifa musu 'ya'ya, ana kafa hujja da ƙissar Rahila, matar Annabi Yaƙubu, da baiwarta a Littafin Farawa na Baibul. Shi kansa Baibul ɗin kulle yake a akwati, maigida kaɗai ke buɗewa ya karanto abin da ya ga dama.

Maganar ƙarya tukuna. Ƙaryar da shari'a ta haramta ita ce ka ba mutum labarin da ba haka yake ba don ya ɗauka gaskiya ne. Ƙagaggen labarin da marubuci da mai karatu duk sun san misali ne bai shiga nan ba. Akwai malaman da suka ƙi shi, suna dogaro da hadisin Abu Dawud da Tirmizi mai yi wa wanda ke ƙarya don ya ba mutane dariya alkawarin azaba, kuma ba na raina wannan fahimta. Amma abin da na fi natsuwa da shi shi ne halacci. Maƙamatul Hariri ƙagaggun labarai ne na wani Abu Zaidis Saruji, an shafe ɗaruruwan shekaru ana karantar da su a zaurukanmu, kuma Kalila wa Dimna dabbobi ne ke magana a cikinsa.

Sai abin da labarin ya ƙunsa. Bayyana munin zalunci ba laifi ba ne, Alƙur'ani ma ya yi. Ya ba mu labarin Fir'auna yana yanka 'ya'ya maza yana raya mata a Suratul Ƙasas, ya kawo addu'ar matarsa tana neman tsira daga gare shi a ƙarshen Suratut Tahrim, ya ce za a tambayi jaririyar da aka binne da rai wane laifi ta yi. Ki ɗauki abubuwan Giliyad ɗaya bayan ɗaya, za ki tarar Musulunci ya rushe su. Gadon mata a kan tilas, aya ta 19 a Suratun Nisa'i ta hana. Tilasta wa kuyangi alfasha, aya ta 33 a Suratun Nur ta sauka a kansa lokacin da Abdullahi ɗan Ubayyu ke yi wa nasa haka. Khansa'u 'yar Khizam mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, Manzon Allah (SAW) ya warware auren, Bukhari ya ruwaito. Khaula 'yar Sa'alaba ta tsaya tana jayayya a kan haƙƙinta, Allah ya saukar da ayoyin farkon Suratul Mujadala a kanta. Huzaifa kuwa cewa ya yi mutane na tambayar Annabi alheri, shi yana tambayar sharri don tsoron kada ya riske shi.

Ki gaya wa yayanki, cikin ladabi, cewa kishinsa abin yabo ne, amma littafin ba a kan Musulunci aka gina shi ba, kuma mahukuntan cikinsa har limaman coci suke ratayewa. Abin da ya fi damuna shi ne mu Musulmi mu ji an ambaci danne mata sai mu tsargu, kamar addininmu ake nufi. Ba za mu rufe ido ba: a Afganistan an hana 'yan mata sakandare tun 2021, aka rufe musu jami'a a Disamban 2022, kuma Shehul Azhar da ƙungiyar ƙasashen Musulmi duk sun fito sun ce wannan ya saɓa wa shari'a. A nan gida, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya caccaki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci a Nurul Albab, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka suna karantar da mata. Ni da kaina wata bazawara ta taɓa durƙusawa a ƙofar zaurena, goye da yaro, ta ce 'yan uwan mijinta sun raba gona ba su ba ta tumuninta ba, wai mace ba ta gadon ƙasa, kuma da sunan addini suka faɗa mata. Har yau ban manta yadda muryarta ke rawa ba.

To amma halaccin yana da sharuɗɗa. A littafin akwai wuraren da aka siffanta saduwa da kalmomin batsa. Ki tsallake abin da jarrabawa ba ta buƙata, wanda ya zama dole ki wuce shi da sauri. Marubuciyar tana da nata ra'ayi a kan zubar da ciki da alaƙar mace da namiji ba aure, ba namu ba ne. Tirjiyar matan ma ba duka za a yaba ba: wadda aka tilasta ba ta da zunubi, wadda ta ɓoye 'yar uwarta ko ta yi karatu a asirce ta yi daidai, amma akwai waɗanda suka kashe kansu, wannan kuwa haramun ne komai tsananin ƙunci. Sannan za ki haɗu da masu sharhi da ke ɗaukar jajayen tufafin nan su jingina wa hijabi. Kada wannan ya ruɗe ki, sutura da kika sa don Ubangijinki daban take da rigar da azzalumi ya ƙaƙaba don ya shafe sunan mace. Idan kika ji shakka ta fara shiga zuciyarki, ki ajiye ki nemi malami ko malama ku tattauna.

Fim ɗin da aka fara nunawa a 2017 kuwa ban halatta miki ba. Akwai tsiraici a fili, ido ba ya iya tsallakewa kamar yadda ake tsallake shafi, kuma umarnin runtse ido ya haɗa maza da mata.

Rubuta naki da Hausa ya halatta, har ina sa ran lada idan niyya ta gyaru, domin faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba Annabi ya kira shi mafificin jihadi. Kada ki ƙago aya ko hadisi ko da a bakin mugun cikin labari, kada ki sa Annabawa da Sahabbai a ƙage, kada ki siffanta wani sananne yadda za a gane shi, ki nesanci batsa. Idan kin sa azzalumi ya murɗe nassi, ki sa wata a labarin da ta san karatu ta mayar masa da ingantacciyar fassara. In kin gama, ki ba wani mai ilimin fiƙihu ya duba wuraren da suka shafi hukunci kafin ki kai maɗaba'a.

Allah ne Mafi sani.