Amsa: Zuba abinci mai zafi a roba yana taɓa homon?

Kin tambaya ko da gaske ne cin abinci mai zafi a roba ko leda yana iya rikita al'ada da haihuwa. 'Yar uwa akwai ƙamshin gaskiya a maganar, kuma wallahi abin yana damuna.

Akwai wani sinadari BPA, ana sa shi a wasu robobi masu tauri da shafen cikin gwangwani, har takardar rasit ma wasu suna da shi. Matsalarsa yana kwaikwayon estrojin, wato homon ɗin mata (homon sinadari ne da jiki ke aika saƙo da shi), sai ya je ya zauna a gurbinsa jiki ya ɗauka saƙon gaske ne, kuma zafi shi ke sa ya fi fita ya shiga abinci, shi yasa Tarayyar Turai ta hana shi a fidar jarirai tun 2011, Amurka ta biyo baya a 2012. Sai phthalates masu sa roba laushi, suna cikin wasu turaruka ma, an danganta su da raguwar testosteron, wato homon ɗin maza.

Ni dai na daina ɗumama abinci a roba, tangaran ko gilas kawai, ruwan gora ma bana barinsa a rana. Robar da aka rubuta babu BPA kar ki saki jiki, wani lokacin ɗan uwansa BPS aka sa. Abin daɗin shi ne jiki na fitar da BPA ta fitsari cikin kamar kwana ɗaya, in kin rage yau zai ragu.

Amma in al'adarki ta riga ta rikice don Allah ki ga likita a duba tairod (ƙullin da ke wuya mai samar da homon) da PCOS (matsalar homon da ke taɓa ƙwan mace), kar ki ɗora wa roba kaɗai.