Rigar wayata ta zaren sulke ce, amma gilashi ya fashe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Titin Falasɗinu nan Jidda na sayi rigar waya, mai shagon ya rantse mini da zaren rigar sulke aka yi ta, harsashi ma ba ya huda shi. Ranar Juma'a wayar ta suɓuce mini a bakin masallaci, ta faɗi kan tayil. Rigar ko ƙwarzane babu, gilashi kuwa ya yi raga-raga. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya mayar da alheri. Ba lallai jabu ba ce. Zaren sulken na nan, Kevlar ake ce masa, Stephanie Kwolek ce ta gano shi a kamfanin DuPont na Amurka a 1965. Abin da mai shagon bai gaya maka ba shi ne, shi sulke sai ya lalace yake tare harsashi.

Ka tuna ƙasar gini da ake kwaɓawa da ciyawa don kada bango ya tsage. Haka injiniyoyi ke yi da ƙarfe: falle na alminiyum, falle na zare da gam, a jera a matse. Irinsa ne GLARE da aka yi saman jikin jirgin Airbus A380 da shi, sai dai nasa zaren gilashi ne.

Harsashin AK-47 na fita da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa. In ya bugi farantin da aka yi da irin waɗannan fallaye a wannan gudun, farantin ba ya samun sukunin lanƙwasawa gaba ɗaya, duk bugun a wuri ɗaya yake tarewa. Fallen gaba ya huje tsaf kamar an ɓula fata da basilla. Zarurrukan ciki su miƙe iya miƙuwa, wasu su tsinke, wasu su zare daga gam, fallayen su rabu da juna. Na baya ya kumburo, in abin ya fi ƙarfinsa ya tsage ya buɗe kamar fure. Kowace tsinkewa tana cin wani abu daga ƙarfin harsashin, shi ya sa ake jibga fallaye da yawa.

To wayarka fa? In daga tsayin ƙirji ta faɗo, kamar mita 1.5, gudunta bai kai mita 6 a daƙiƙa ba. Ba abin da zai huda ta. Rigar kuma siririya ce ga tauri, ba ta tsinke ba, ba ta lotsa ba, sai ta miƙa bugun kai tsaye ga firam, wato gefen jikin wayar, firam ya ɗan murɗe, gilashi ya biya kuɗin sabulu.

Ni dai a ganina, wanda kullum yana kan tayil da marmara irin na masallatanmu, ya nemi rigar roba mai kaurin kusurwa, wadda bakinta ya ɗan ɗara gilashi tudu. Ba ta da kyan gani, na sani. Ita waccan ka ajiye ta don maganin ƙarcen makulli a aljihu.