Amsa ga Hajiya kan ruwan da ke fita a gwiwar ɗanta

Hajiya, sannu da jinya. Kin ce sati 3 da sa masa ƙarfe a ƙasan gwiwa, wurin ɗinkin ya yi ja yana tsiyayar da ruwa. Don Allah ki maida shi wurin likitan ƙashi yau ɗin nan, in nan Tawa ba hali ku wuce Yamai.

Ƙwayoyin cuta kan manne jikin ƙarfen, magani kaɗai ba ya cin su. Sai an buɗe an wanke, an auna mugunyar, sannan a zaɓi maganin da ya dace, a riƙa ba shi har sati 6 zuwa 12. Ƙanena ma haka ta faru da shi, na ga bandejinsa na jiƙewa kullum da safe, muka tsaya kafso na 'yan talla, muka ɓata wata guda. Kada ki shafa komai. A auna wa ɗanki sukari ma.