Me ya sa binciken gawa bai kashe gardamar mutuwar Abiola ba?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mun sha jin cewa likitocin ƙasashen waje sun binciki gawar Cif M.K.O. Abiola a 1998, suka ce ciwon zuciya ne ajalinsa. Amma har gobe mutane na cewa guba aka zuba masa a shayi. Shin binciken gawa ba ya iya raba gardama ne, ko kuwa likitocin ne ba su faɗi gaskiya ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Barka kadai, Malam. Binciken gawa yana raba gardama, amma a kan tambaya guda ya fi ƙarfi: me ya tsayar da wannan jiki? Wanda ya jawo hakan da dalilinsa aikin 'yan sanda ne da kotu. Yawancin rigimar da ke biyo bayan mutuwar manyan 'yan siyasa daga haɗa waɗannan tambayoyi wuri guda take tasowa.

Abiola ya rasu ranar 7 ga Yulin 1998 a Abuja, bayan shekara huɗu a tsare, yana tsakiyar ganawa da tawagar Amurka wadda Thomas Pickering da Susan Rice ke ciki. An kawo shayi, ya sha, ya fara tari da shessheƙa, kafin wani lokaci rai ya yi halinsa. Likitocin da suka zo daga Amurka da Birtaniya da Kanada sun yi aikinsu a Legas, suka tarar zuciyarsa ta ƙara girma, jijiyoyin da ke kai mata jini sun tsuke, alamar ciwo ne da ya daɗe. Gwajin guba bai nuna komai ba.

Bari in nuna maka yadda ake kaiwa ga irin wannan sakamako. Zuciyar namiji baligi mai lafiya takan kai nauyin giram 300 zuwa 350. Hawan jini na shekaru yakan sa naman zuciya ya yi kauri har ta haura giram 500. Likita yana ɗora ta a sikeli, ya auna kaurin bangonta, sannan ya bi manyan jijiyoyinta uku yana yanka su gunduwa-gunduwa, tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakanin yanka da yanka, yana duba ramin da jini ke bi. Idan kitse da daskararren abu sun toshe sama da kashi 75 cikin 100 na ramin, a ƙa'idar aikinmu wannan ya isa ya kashe mutum farat ɗaya.

Ka lura da abin da na ce: ya isa ya kashe. Mutumin da bugun zuciyarsa ya rikice ya faɗi nan take ba ya barin tabo a naman zuciya. Kafin mataccen naman zuciya ya bayyana a madubin likita sai mutum ya rayu sa'o'i huɗu zuwa goma sha biyu bayan toshewar, kafin ido ya gan shi kuwa sai wajen kwana guda. Saboda haka likita yana yanke hukuncin ciwon zuciya ne bayan ya ga cutar da ta isa kisa, ya kuma nemi wani dalili ya rasa. Hukunci ne ingantacce, amma yana bar wa mai shakka ƙofa, domin mai irin wannan zuciya yana iya faɗuwa yau, yana kuma iya ƙara shekara biyar.

Sai batun guba, inda aka fi yi wa aikin nan mummunar fahimta. Babu na'urar da za a zuba wa jini ta lissafo dukkan gubar duniya. Abin da aka nema shi ake samu. Akwai gwajin gama-gari da ke kama ɗaruruwan magunguna da ƙwayoyi da maganin ƙwari, akwai kuma abubuwan da sai an yi zarginsu an nemi gwajinsu na musamman. Alexander Litvinenko, tsohon jami'in leƙen asirin Rasha, ya yi makonni uku yana jinya a Landan a 2006, kuma sai dab da rasuwarsa ranar 23 ga Nuwamba aka gano foloniyam-210, wani sinadarin nukiliya mai guba, a fitsarinsa. Wasu abubuwan kuma jiki yana da su tun asali. Sinadarin fotasiyam yana tsayar da zuciya idan aka ɗura shi da yawa, amma bayan mutuwa ƙwayoyin jiki kan saki nasu cikin jini, sai awon ya tashi a kowace gawa. Insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, shi ma yana saurin lalacewa a jinin mamaci.

Ɗaukar samfur ɗin ma yana da ƙa'ida. Daga jijiyar cinya ake zuƙar jini, domin bayan mutuwa magunguna kan tsiyaya daga hanta da huhu da tumbi su shiga jinin da ke kusa da zuciya, su nuna adadin da ya zarce na gaskiya. Ana zuba jinin a kwalbar da ke da sinadarin hana ruɓewa, in ba haka ba ƙwayoyin cuta kan samar da barasa a jinin wanda bai taɓa sha ba. Ana ɗibar fitsari, da ruwan ƙwayar ido wanda ya fi jinkirin lalacewa, da ruwan madaciya, da yankin hanta da ƙoda, da duk abin da ke cikin tumbi. Gashi kuma ana tuge shi da saiwarsa: yana tsawo kusan santimita 1 a wata, don haka yana iya nuna ko an daɗe ana ba mutum wani abu. Kowace kwalba a like ta, a rubuta wanda ya karɓa da sa'ar da ya karɓa. Kwalbar da ta kwana a inda ba a rubuta ba, lauya zai rushe ta a kotu cikin minti biyar, kuma yana da gaskiya. Kofin shayin da tukunyar su ma shaida ne, a nan take ya kamata a killace su.

A ganina, tambayar da ta fi nauyi a kan Abiola ba ta shayi ba ce. Mutum mai shekara 60 da hawan jini, an tsare shi shekara huɗu: wa ke auna jininsa, wane magani ake ba shi, sau nawa aka bar likitansa ya gan shi? Ana iya rubuta ciwon zuciya a takarda a kuma faɗi gaskiya, alhali sakacin masu tsaro ne ya kai zuciyar ga wannan hali. Wuƙar likita ba ta amsa wannan, sai takardun jinya da shaidar masu gadi a gaban alƙali.

Duk da haka Abiola ya samu abin da wasu ba su samu ba. Janar Sani Abacha ya rasu ranar 8 ga Yunin 1998, aka binne shi a Kano a ranar ba tare da binciken gawa ba, don haka duk labarin da ka ji a kan ajalinsa babu gwajin da zai gaskata shi ko ya ƙaryata.

Benazir Bhutto, tsohuwar firaministar Pakistan, kuwa a bainar jama'a aka kai mata hari, a Rawalpindi ranar 27 ga Disambar 2007, da harbi da kuma bam. Ba a yi binciken gawa ba, kuma cikin ƙasa da sa'o'i biyu aka wanke wurin da mesar ruwa. Jami'an Scotland Yard, wato 'yan sandan Landan, sun dogara da hotunan ƙashin kai, suka ce ƙarfin bam ne ya buga kanta da bakin ƙofar rufin motar. Jam'iyyarta ta ce harsashi ne. Wannan gardama ce da sa'o'i uku a kan tebur za su iya kashewa, domin ƙoƙon kai ba ya ɓoye harsashi. Inda ya shiga ramin waje ƙarami ne, ya buɗe ta ciki kamar mazurari. Inda ya fita kuma buɗewar ta waje take. Fatar mashigar tana da zoben gurzuwa, hoton ekisire kuma yakan nuna ɓurɓushin ƙarfe a kan hanyar da ya bi. Buguwa da ƙarfe karaya take bari mai lotsawa, da ƙujewar fata.

Na san abin da ke ran iyalai Musulmi: gaggauta jana'iza da kare mutuncin mamaci. Manyan malamai na wannan zamani, har da majalisar manyan malaman Saudiyya, sun halatta buɗe gawa idan ana binciken kisa. Aikin kansa sa'o'i biyu zuwa huɗu ne, a mayar da komai a ɗinke, a yi wanka a yi sutura. Gwaje-gwajen ne ke ɗaukar makonni, kuma ba sa buƙatar a riƙe gawa. Idan dole a jira likita, a sa ta a firji mai sanyin digiri 4, domin a zafinmu ruɓewa kan fara cikin kwana guda. Kada a bari a ɗura mata fomalin, maganin hana gawa ruɓewa, kafin a ɗebi samfur, yana ɓata gwajin guba. Iyali su nemi likitansu ya tsaya a wurin, a ɗauki hoto a kowane mataki, a raba kowane samfur gida biyu ko uku don wani ɗakin gwaji ya maimaita. Ƙa'idar Minnesota ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sabunta a 2016, ta shimfiɗa yadda ake irin wannan bincike idan ana zargin hannun hukuma.

Tono kabari daga baya yana taimakawa, gwargwadon abin da ake nema. An kashe Thomas Sankara, shugaban Burkina Faso, ranar 15 ga Oktoban 1987, takardar shaidar mutuwarsa ta ce mutuwar Allah da Annabi ya yi. Da aka tono shi a Wagadugu a 2015, binciken ya nuna harbi fiye da goma, kuma a 2022 kotun soja ta yanke wa Blaise Compaoré, wanda ya gaje shi a mulki, ɗaurin rai da rai a bayan idonsa. Ƙashi da tufafi suna riƙe ramin harsashi shekaru aru-aru. Guba ba ta jira haka. Yasser Arafat, shugaban Falasɗinawa, ya rasu a asibitin soja kusa da Faris a Nuwambar 2004, ba a binciki gawarsa ba sai da aka buɗe kabarin a Nuwambar 2012. Foloniyam-210 yana raguwa da rabi duk kwana 138, wato bayan shekara takwas abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. Masanan Suwizalan suka ce awonsu yana goyon bayan zargin guba zuwa wani matsakaicin mataki, na Faransa da na Rasha suka ce ba su ga hujjar guba ba, daga samfurin kabari guda.